Ulu a Tsakiyar Bazara: Wace Riga Ce Ta Dace da Mace Mai Keke a Zafin Lambata?

Daga ƙarshen watan Fabrairu har zuwa saukar ruwan farko, zafi ne ke mulkin Lambata. Garin yana kan titin Suleja zuwa Minna, a ƙaramar hukumar Gurara ta jihar Neja, daidai inda wata hanya ke ɓallewa ta nufi Lapai da Agaie da Bida. Tireloli da tankokin mai ba sa yankewa, kwalta kuwa kafin azahar ta ɗauki zafin da ake jin hucinsa ta ƙasan takalmi. A cikin wannan rana ne mata ke hidimarsu. Matan Gbagyi suna shigowa daga gonaki da kaya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu ta gada, matan Fulani da ƙwaryar nono, Hausawa da Nufawa a rumfuna da bakin titi, ga 'yan mata da kayan makaranta suna takawa gida bayan an tashi.

Yawancinsu da ƙafa suke wannan zirga-zirga, ko su hau acaɓa idan da hali. Halin kuwa ya yi wuya tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Keke ba ya shan mai, kuma kusan kowane gari akwai mai gyaransa a gindin bishiya. Sai dai a yawancin ƙasar Hausa da maƙwabtanta ido bai saba ganin babbar mace a kan sirdi ba, alhali a Wagadugu ta Burkina Faso mata ne ke cika titi da kekuna, da goyo a baya da kaya a kariya. A Maiduguri ma, bayan da aka hana hawa babur a 2011, keke ya dawo da ƙarfinsa har 'yan mata 'yan makaranta suka shiga sahu. Ana yawan ɗora rashin hawan matanmu a kan al'ada da surutun mutane, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani dalili da ba a cika kawowa ba, wato tufafi. Macen da ta tuƙa keke kilomita biyar a watan Maris cikin doguwar riga da hijabin roba za ta sauka sharkaf da gumi, kanta yana sarawa, kuma da wuya ta sake marmarin hawa gobe.

A Turai da Amurka da Ostareliya mata masu hawan keke sun daɗe suna muhawara a kan wani abu da zai ba mutumin Lambata mamaki: da yawansu sun koma sa rigar ulu, ta gashin tumaki, a tsakiyar lokacin zafi, suna cewa ta fi ta roba daɗin jiki. A nan ulu kayan hunturu ne, na hular jarirai da suwaita. To, ina gaskiyar take, kuma me za mu ɗauka daga ciki?

Da ulu aka fara

Rigar tseren keke ta asali ta ulu ce. Ranar 19 ga Yuli, 1919, da aka fara sanya wa jagoran gasar Tour de France rawayar riga a garin Grenoble, Eugène Christophe ne ya sa ta, kuma ta ulu ce, a tsakiyar bazarar Faransa. Shekara biyar bayan haka, a 1924, wata 'yar Italiya mai suna Alfonsina Strada ta shiga gasar Giro d'Italia tare da maza, tafiyar da ta haura kilomita 3,600 a kan hanyoyin ƙura da tsakuwa, ta kuma kai har Milan inda aka ƙare. A zamaninta yawancin rigunan tsere na ulu ne. Haka aka ci gaba har lokacin ɗan tseren keke Eddy Merckx a shekarun 1970, ko dai ulu zalla ko wanda aka gauraya da wani zare.

Ba don babu aibu suka riƙe ta ba. Ulun wancan lokaci mai kauri ne, yana sa ƙaiƙayi, idan ruwa ya jiƙa shi sai ya yi nauyi ya zazzago, aljihunan su yi ta reto. Shi ya sa da zaren roba ya samu aka yi maraba da shi. Wasu masana biyu, Whinfield da Dickson, suka ƙirƙiro poliyesta a Ingila a 1941, kamfanin DuPont na Amurka kuma ya fito da zaren nan mai talewa da ake kira Lycra a 1958. Zuwa shekarun 1980 roba ta kori ulu daga fagen tsere.

Abin da ya dawo da ulu shi ne wata tunkiya mai suna merino. Asalinta daga Sifen ne, aka kai ta Ostareliya a 1797, yau kuma ƙasar ce kan gaba a duniya wajen ulu mai laushi. Ana auna kaurin silin gashi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Ulun da ke sukar fata shi ne wanda ya haura 30. Na merino da ake yin rigar bazara da shi yana wajen 17 zuwa 19, ya yi sirantar da idan ya taɓa fata lanƙwashewa yake yi maimakon ya soke ta. Ana saƙa shi shara-shara, murabba'in mita guda bai wuce giram 150 ba. Wanda ya riƙe irin wannan riga a hannu ba zai haɗa ta da suwaitar hunturu ba ko kaɗan.

Yadda jiki ke huce kansa

Mai tuƙa keke, cikin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai ke tafiya ga feda. Sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. Idan iskar waje ta kai zafin fatar mutum, wajen digiri 35, hanya ɗaya ce ta rage, ita ce gumi ya fito ya bushe. Bushewar ce ke sanyaya jiki, ba fitowar ba. Lita guda ta gumi idan ta ƙafe a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kalori 580 na ma'aunin abinci, mai aikin ƙarfi a rana kuwa yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a sa'a guda. Gumin da ya tsiyaye ƙasa, ko ya taru a ƙarƙashin tufa bai samu iska ba, asarar ruwa ce kawai.

Mutanen wannan yanki sun san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi a littafi, domin ƙasar tukwane ce. A Suleja ne, lokacin ana kiranta Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane a 1954, ita ce hotonta ke bayan takardar naira 20. Ruwan tulu yana sanyi ne saboda yumɓun yana tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi. Zuba ruwan nan a jarkar roba ka ajiye a wuri ɗaya, da la'asar za ka same shi da ɗumi. Tufa ma haka take, akwai mai barin jiki ya yi aikin tulu, akwai mai mayar da shi jarka.

A nan kowane zare da halinsa. Poliyesta ba ta shan ruwa a cikin silinta, abin da take riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Idan an saƙa ta da ƙananan ƙofofi kamar na rigunan 'yan wasa, gumi yana bin tsakanin zaren ya fita waje ya bushe da sauri, shi ya sa ƙwararrun 'yan tsere ke sa ta har yau a ranakun tsananin zafi. Idan kuwa an saƙa ta a matse, sumul mai sheƙi, irin ta yawancin hijabai da dogayen riguna masu araha, to ba ta sha ba, ba ta kuma bari ya wuce ba. Auduga tana shan ruwa sosai, tana da sanyi a fata, amma idan ta jiƙe takan manne a jiki ta daɗe ba ta bushe ba. Ulu kuwa yana da wata baiwa: bayan silinsa ba ya son ruwa, cikinsa kuma yana zuƙe tururin gumi, har ya ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba. Yana karɓar danshin tun yana tururi, kafin ya zama ɗigo a kan fata, ya riƙa sakinsa ga iska a hankali. Wannan ne dalilin da mai sanye da shi ba ta jin danƙon nan da naniƙewar da roba ke kawowa.

Sai dai zafin Lambata iri biyu ne, kuma a nan ne nake ganin masu yabon ulu daga ƙasashen sanyi ba su hango mu ba. Akwai zafin Fabrairu da farkon Maris, lokacin da iska ke bushe, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin a gama shanya. A irin wannan yanayi siririyar rigar merino za ta yi aikinta yadda ake faɗa, ga shi da asuba akwai ɗan sanyi-sanyi da za ta tare. Sannan akwai zafin Afrilu da Mayu, gab da damina da farkonta, lokacin da iskar kudu ta shigo da laima, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, dare ya gagari barci. Iska a lokacin ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar na kowa da sauri. Ulu zai sha ya cika, idan ya cika kuma ya fi poliyesta jinkirin bushewa. Tun daga nan har Oktoba, abin da zai ceci mai keke shi ne iska ta ratsa tufa ta kai ga fata, ko da wane zare aka yi ta.

Inda ulu ya yi zarra babu gardama shi ne wari. A 2014 masu bincike a jami'ar Ghent ta Beljiyam suka sa mutum 26 tuƙa keken motsa jiki na sa'a guda, suka karɓi rigunansu suka ajiye fiye da kwana guda, sannan aka ba ƙwararrun masu sansana. Rigunan poliyesta sun fi na auduga wari nesa ba kusa ba, aka kuma gano wasu ƙwayoyin cuta da ake kira Micrococcus suna yaɗuwa a kan robar. Wani bincike a jami'ar Otago ta New Zealand ya nuna ulu ma ya fi poliyesta ƙarancin riƙe wari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da za ta sauka daga keke ta shiga cikin mutane, ba wurin wanka, ba kayan canji. Duk wadda ta taɓa cusa hijabin roba a jaka bayan yinin biki ta buɗe washegari ta san abin da masu binciken suka sansana.

Kuɗi, wanki da jabu

Rigar keke ta merino daga sanannun kamfanoni sau da yawa tana haura dala 100. A canjin 2025 wannan ya kai kimanin naira 150,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Da wannan kuɗi mace za ta sayi keken kansa. Ban ga dalilin da zai sa a ba 'yar Lambata shawarar ta yi odar riga daga waje ba.

Ko an ba ta kyauta, wankinmu zai kashe rigar. Silin ulu yana da ɓawo-ɓawo a jikinsa, idan ya haɗu da ruwan zafi da sabulu mai kaifi da cuɗa, ɓawon sai ya sarƙe da juna, rigar ta tsuke ta yi tauri, ba ta kuma komawa. Sabulun soda yana cinye shi, ruwan bilic kuwa narkar da shi yake yi. Ulu yana son ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a matsa a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. A ajiya kuma asu na jiransa, sai an wanke shi tas an ɗaure a jaka. Siririn merino bai da ƙarko kamar roba, shi ya sa kamfanoni ke gauraya shi da ɗan nailan.

Ƙofar da ta rage ita ce gwanjo. A cikin dilolin da ake kwancewa a kasuwannin Suleja da kewaye akan yi dace da siririyar rigar merino mai dogon hannu, mai sayarwa bai bambanta ta da sauran ba. A duba 'yar takardar da ke wuya ko gefen riga. Idan ta goge, akwai gwajin da ba ya ƙarya: a zare sili ɗaya daga cikin ɗinki a kusanta shi da ashana. Ulu na gaskiya yana ƙauri irin na babbakar gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Auduga tana ci kamar takarda. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Wannan gwaji zai nuna cewa yawancin zaren saƙa da ake sayarwa da sunan ulu, wanda ake yi wa jarirai hula da safa, roba ce da ake kira akirilik, ba ta taɓa jikin tunkiya ba. Zai kuma tuna mana wani haɗari da ya wuce maganar keke: mai suyar doya ko awara a bakin titi da hijabin roba yana lilo kusa da wuta, idan ya kama, narkewa zai yi ya manne da fata.

Mai tambaya zai ce, ga tumaki cike da gari, me ya hana mu yin namu? Tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, masu gashi ne gajere mai kauri da ba ya kaɗuwa ya zama zare. Masu ulu a Afirka ta Yamma kaɗan ne: tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda Fulani masaƙa ke yin barguna da gashinsu, da 'yan uwansu na Kundum a yankin Tillaberi na Nijar. Nasu ma mai kauri ne, na bargo, ba na rigar da za ta taɓa fata ba.

Zarenmu auduga ne, kuma mun sake shi. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe a 2007, wasu da dama a Kano da Kaduna suka bi su. Gurbin da suka bari yadin roba na waje ne ya cike shi, mai araha, mai kyan launi, ba ya son guga, ba ya koɗewa. Ba na ganin laifin uwar da ta saya wa 'ya'yanta mata hijabin makaranta na roba, domin shi aljihunta ya iya. Amma abin yana damuna ƙwarai, ganin yarinya 'yar shekara goma tana tafe da rana tsaka a lulluɓe da yadin da iska ba ta ratsawa, wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi, kowa kuma ya ɗauka haka bazara ta gada.

Ɗinki ya fi zare muhimmanci

Rufe jiki ba shi ne ke kawo zafi ba. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da Amiram Shkolnik da abokan aikinsa suka yi a hamadar Negev, a kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye ke sa baƙaƙen riguna a rana. Suka tsayar da mutum a rana da baƙar riga mai faɗi, sannan da fara, suka auna. Baƙar ta fi ɗaukar zafin rana, amma zafin da ya kai ga fata ɗaya ne, domin iskar da ke yawo tsakanin riga da jiki tana kwashe shi ta fitar ta sama. Buzaye da rawaninsu da manyan rigunansu na auduga a kan wannan hikima suke. Sharaɗin shi ne tufar ta zama mai faɗi, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta wuya da hannu. Baƙar roba siririya da ta kwanta a kafaɗa da gadon baya ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Saboda haka macen da ke son hawa keke a Lambata ba ta bukatar matsattsiyar rigar 'yan tsere, wadda aka yi don rage jan iska a gudun kilomita 40 a sa'a. Mai zuwa kasuwa ko makaranta ko gona ba ta kai rabin wannan gudu ba. Abin da ya dace da ita telan unguwa zai iya ɗinka shi: riga mai faɗi ta auduga marar nauyi, boyel ko atamfar da aka wanke sitacinta ya fita, mai haske, ta sauko zuwa gwiwa da tsaga a gefe, da wando mai faɗi a cinya wanda ya tsuke a idon sawu. Hijabi ya zama na auduga, ya tsaya a ƙugu, kada a jibga ɗankwali da hula a ƙarƙashinsa, domin kai da wuya suna cikin inda jiki ya fi zubar da gumi. Idan an yi dace da merino a gwanjo, wurinta shi ne ciki, a kan fata, daga Disamba zuwa Maris.

Tsawon hijabi magana ce ta rai. Kowa a ƙasar nan ya ji labarin macen da gefen hijabinta ko zanenta ya shiga ƙafar babur ya fizgo ta ƙasa. Keke ma yana da sarƙa da wayoyin ƙafa. Mutanen Holan, inda mata ke hawa da dogayen tufafi fiye da shekara ɗari, sun magance wannan da abu uku: keken mata marar sandar tsakiya, murfin da ya rufe sarƙa ruf, da raga a gefe biyu na ƙafar baya. Mai walda ko mai gyaran keke zai iya haɗa murfin da ragar da gwangwani da waya a yini guda.

Masu son tsere kuwa suna da waɗanda za su duba. Masomah Ali Zada 'yar Afganistan ta yi tseren keke a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 cikin tawagar 'yan gudun hijira, kanta a rufe a ƙarƙashin hular kwano. Ese Ukpeseraye 'yar jihar Delta ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024, inda sai da tawagar Jamus ta ba ta aron keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Filin tseren keke da aka gina a babban filin wasa na Abuja don gasar Afirka ta 2003 yana nan, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Lambata. Yarinyar da za ta kai can daga Gawu ko Izom ko Lambata za ta fara ne da keken yayanta a hanyar gona, da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a ɗaure a kariya, cikin rigar da telan layinsu ya ɗinka mata.